Yadda Aka Tsaga Cikina a Masar

Bari in faɗa kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Akwai macuci a ciki, akwai likita, akwai mutanen kirki, amma kujerar wawa tawa ce ni kaɗai. Na yi aji biyar a firamare, na yi shekaru ina masinja a sakatariyar Batsari, ina yawo da fayil a bayan keke. Shi ya sa a ƙauyenmu Wagini duk takardar asibitin da ta gagari mutane ni ake kawo wa. Sai in sa tabarau, in juya ta gaba da baya, in ce a sha safe da yamma. Ba wanda ya mutu a kan haka, ko kuma dai ba a gaya mini ba.

Wata rana na dawo daga gona na kwanta rigingine, sai na ji wani abu yana bugawa a saman cibiyata, kamar an ƙaro mini zuciya ta biyu ba tare da na roƙa ba. Likitan Katsina ya ɗauki hoton cikin, ya ce babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya ce ta yi laushi a wuri ɗaya ta kumbura, irin yadda tiyon ban-ruwa ke yi kafin ya fashe. Ya ce ta kai girman da ba a jira, kuma in ta fashe mini a Wagini ko babur ba za a gama tayarwa ba. Dangi suka haɗa kai, aka ce sai Masar.

Ɗana Lawal ne zai raka ni, fasfonsa ya ƙi fitowa. Mai fasfo a hannu kaf gidan ita ce ɗiyata ta fari, malamar sakandare a Safana, da ta taɓa zuwa aikin Hajji. A gidanmu kuwa ɗiyar fari ba a kiran sunanta, ba a zama da ita tabarma ɗaya, ba a haɗa ido. Tun da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta zuwa Safana. Tsakanina da ita gaisuwa ce daga bakin ƙofa, tana durƙushe, ni ina kallon katanga. Ko a rubutun nan ba zan sa sunanta ba. Malama ta isa.

Da muka sauka Alkahira wani Bahaushe ya tarbe mu, Sabi'u, wanda ya je karatu karatun ya ƙare shi bai dawo ba. Aikinsa kai marasa lafiya asibitoci. Yana da ƙamshin turare da bakin da ya fi turaren ƙamshi. Ya rungume ni ya ce ni ne kamannin mahaifinsa sak. Daga baya na ji ya faɗa wa wani Bazabarme gajere baƙi haka nan, ni kuwa dogo ne fari, sai na rasa kamannin wannan uba nasa.

A waya ya ce mana masauki yana jikin asibiti, kuma akwai lif. Lif ɗin akwai shi, yadda akwai famfo a kasuwar Batsari: ana ganinsa. Ɗakinmu can ƙololuwar bene, ga likitan Katsina ya ce kada in yi abin da zai sa ni nishi. Asibitin kuma sai an shiga mota an yi ta kutsawa cikin hon da zagin direbobi. Na tsaya gindin matakala ina kallon sama, hannuna a kan cibiya, abin yana bugawa.

Maigadin gidan, wani dattijo mai doguwar riga da rawani da ake kira Ammu Sayyid, shi ya lura. Ya ɗauko kujerarsa ta roba ya hau gabana, ya ajiye a hawa na farko, ya nuna mini in zauna. In na huta ya ɗauka ya kai na gaba. Haka muka yi har sama, haka kuma ya riƙa yi duk ranar da na fita. Na gwada masa Larabcina na makarantar allo don in gode, ya yi dariya har da riƙe ƙarfen bene, ya ce wa Sabi'u wai ina magana kamar mai huɗubar Juma'a.

Zama da Malama a wuri ɗaya shi ne jinyar farko. Ɗaki biyu ne da ɗan falo. In ina son ruwa sai in ce wa buta, da ƙarfi, ashe buta ma takan bushe a ƙasar Fir'auna. Jim kaɗan sai in ga ruwa a bakin ƙofa. Ita kuma in tana son in san wani abu, sai ta kira Lawal a waya ta tsaya kusa da ƙofata tana gaya masa. Lawal yana Batsari ya san lokacin shan maganina fiye da ni.

Abinci kuwa wake da gurasa, safe da rana. Waken ma ba irin namu ba, wani mai faɗi kamar kunnen jariri. Na yi kewar fura har na fara ganin ludayi in na rufe ido. Labarin gida kuma ba mai sa barci ba ne. Mai ɗakina Indo ta ce sun kwashe yara sun koma Batsari wajen ƙaninta, don an ga mutanen daji sun gilma ta yamma da gari. Gero ya isa yanka a gonar nesa, ba mai ƙarfin halin zuwa. Ta ce motoci sun yi kwanaki ba su bi hanyar Runka ba. In na ajiye waya sai in leƙa taga, in ga gari cike da mutane ba ko ɗaya da ya san ubana.

Ranar ganin likita, Sabi'u ya yi mini huɗuba tun a mota. Ya ce aikin iri biyu ne. Na dā, a tsaga ciki tun daga ƙahon zuci har mara, kamar ragon layya. Na zamani kuwa ba a tsaga komai, ɗan huji ne kawai, ka kwana biyu ka tashi ka tafi kasuwa. Ya ce manyan mutane na zamanin suke yi. Ni kuwa tun ina yaro in wanzami ya shigo ta ƙofa nake fita ta katanga. Kafin mu isa na gama zaɓa.

Likitan dattijo ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya ce in hau gado in ɗaga riga. Ya kuma jawo wani zane na mutum tsirara, ya ɗora alƙalami daidai inda cinya ta haɗu da mara, wai ta nan ake shiga. Malama tana zaune a kujera, jakarta a cinya. Na dubi fankar silin na gaya mata cewa ɗakin ya yi ƙunci, mutum uku sun isa. Malama ta tashi ta fita. Sabi'u ma wayarsa ta yi ƙara ya bi ta. Aka bar ni da likita da Turancin aji biyar.

Ya yi magana mai tsawo. Na tsinci abin da na tsinta, kamar mai kalar gyaɗa bayan an gama cira. Na gane “ba yanka”, na gane “gida da wuri”. Sauran na rufe shi da yassa, yadda na saba yi wa sakatare. Tambaya ɗaya ce na ji sarai, don sai da ya maimaita ta a hankali: garinku yana kusa da babban asibiti mai injin hoton ciki? Hanya tana da kyau?

To, ni ban taso na ga ana kushe gida gaban baƙo ba. Ko rufin ɗakinka na zuba, in baƙo ya tambaya lafiya lau za ka ce. Balle Balarabe, a ƙasarsu, ga bene ga kwalta ko'ina, in buɗe baki in ce masa daga gidana sai an hau babur an kai Batsari, a jira mota ta cika, a yi addu'a kada a tare hanya? Na gyara zama na ce kusa ƙwarai, hanya kamar tafin hannu. Ya ce madalla. Aka tsayar da magana a kan na zamanin, wanda suke kira aikin waya, aka ce in je a auna zuciya da huhu da ƙoda in dawo.

Na fito ina taƙama. Na gaya wa bangon falo cewa an gama komai, ilimi ya yi ranarsa.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wani mutumin Maraɗi, Alhaji Illiya, ɗan kasuwar albasa. A kujerar Ammu Sayyid muka haɗu, shi yana sauka ni ina hawa, kowa na haki, muka yi ta jayayya kan wa zai zauna. Da muka saba na ba shi labarin aikin da za a yi mini, ina hura hanci. Sai ya ce ai shi aka fara yi wa. Shekarun baya aka zura masa abin, ya tashi garau, ya koma gida har ya ƙara fili. An ce ya riƙa zuwa hoto, ya je na farko, ya ga lafiyarsa ƙalau, ga hanya ga hidima, ya watsar. Ashe jini ya samu kafa yana zurara ta gefen abin da aka sa, kumburin ya ci gaba da girma bai ji komai ba. Sai da bayansa ya fara ciwo. Yanzu ya dawo a sake aiki, kuma likita ya ce na biyun ya fi na farko wuya.

Na ce Allah Ya sawwaƙe, kowa da jininsa. Na hau sama na ƙudura ba zan gaya wa ko buta ba.

Na manta da mata. Matar Alhaji Illiya da Malama tuni sun haɗu wajen shanya, har an ba mu kuka da daddawa, ranar na ci tuwon da ya sa ni ƙwalla. Ina cikin lasar yatsa na ji an kira Lawal a bakin ƙofata. Aka gaya masa labarin Alhaji Illiya kaf. Aka gaya masa wai dillalai sun fi son aikin waya don la'adarsu ta fi kauri a nan. Aka ce masa akwai wani mutum da ya shiga wajen likita shi kaɗai, ba a san me ya ji ba, ba a san me ya faɗa ba. Na ɗaga murya na sanar da kwanon tuwo cewa wasu tun ba a haife su ba ake jin Turanci a Batsari.

Lawal bai ce komai ba. Ina zaton ma wayar a kashe take.

Kafin ranar komawa wani abu ya ƙara tsinka mini zuciya. A layin awon zuciya na saba da wani Basudane mai jin Hausa, kakanninsa daga ƙasarmu suka tafi Makka a ƙafa suka tsaya a can. Ƙaninsa aka yi wa aikin tsagawa. Ranar da na koma karɓar sakamako na same shi zaune a ƙasa a baranda, takalman ƙanin a hannunsa. Ƙanin bai farfaɗo ba. Na yi masa ta'aziyya. Na ce a raina ko duniya za ta taru, wuƙa ba za ta taɓa ni ba.

Muka koma wajen likita. Ya ce in hau gado. Na dubi fanka na fara zancen ƙuncin ɗaki. Malama ta tashi, na ce alhamdu lillahi. Sai ta ɗauki kujerarta ta juya ta, ta zauna tana fuskantar bango, ta ba mu baya. Sabi'u ya ce mata Hajiya ai an gama magana. Ta ce masa, ba tare da ta juyo ba, ya je ya amsa wayarsa. Wayar ba ta yi ƙara ba, amma ya fita.

Daga nan ta yi ta Turanci da bango, bango kuma yana amsawa da muryar likita. Na ji Wagini, na ji babur, na ji Batsari, na ji Katsina har da Kano. Likita ya cire tabarau ya dube ni. Na dubi zanen mutumin nan tsirara, don shi kaɗai ne a ɗakin bai san na yi ƙarya ba.

Sai ya sake bayanin tun daga farko, gaɓa gaɓa, Malama tana juya wa bango shi da Hausa. Aikin waya, a cewarsa, wata 'yar riga ce ta waya da ƙyalle ake naɗewa a zura ta jijiyar cinya, a buɗe ta cikin kumburin, jini ya riƙa bi ta cikinta. A kwanakin farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, waɗanda ke rasuwa a lokacin aikin sun fi kaɗan, ana tashi da wuri. Amma kumburin yana nan ba a cire shi ba, rigar tana iya gocewa ko jini ya zurara ta gefe, kuma mai ita ba zai ji ba. Don haka hoto ya zama dole har ƙarshen rai, wasu kuma sai an sake taɓa su. Aikin tsagawa kuwa haɗarinsa a gaba yake, a ranar da makonnin da ke biye, ga azaba ga doguwar jinya. Wanda ya haye, an ɗinke masa sabon bututu da hannu, yawanci ba ya bukatar sintiri a asibiti sai jefi-jefi. Ya ce in shekaru suka yi nisa, ratar da aikin waya ya bayar da farko takan rufe. Tsoho mai raunin zuciya da ke kusa da asibiti, waya zai ba shi ba tare da tunani ba. Ni kuwa awo ya nuna zuciyata da huhuna na mai noma ne da tuƙa keke, za su iya ɗauka.

“Ya Hajj,” in ji shi, Malama tana fassarawa, “ba zan ce maka tsagawa ba ta kisa ba. Tana yi. Amma in na sa maka waya ka tafi inda ba za a riƙa duba ta ba, ban san me na sallame ka da shi ba. Jikinka ne, kai za ka zaɓa.”

Takalman ƙanin Basudanen nan suna idona. Gonar nesa ma tana idona, da Indo a ɗakin aro, da ni a bayan babur duk shekara ina bin hanyar da masu lafiya ma ke tsoro. Na san kaina. Zan je hoton farko don a ga na je, na biyu in ce sai an gama girbi, na uku in ce ai Allah ke tsarewa. Alhaji Illiya ma da ya watsar ya fi ni hankali, ga shi da mota.

Ba jarunta ce ta sa na amsa ba, kada wani ya ƙara mini. Bayan Malama nake kallo. Ta ƙanƙame jakarta har yatsunta sun yi fari, kafaɗarta tana rawa kaɗan kaɗan, ba ta juyo ba. Na gaya wa fanka cewa a kawo wuƙar.

Sabi'u bai sake cewa na yi kama da ubansa ba. Bai ma sake zuwa ba. Ammu Sayyid ne ya sauko da ni da kujerarsa ranar da za a kwantar da ni, ya tare mana mota, ya kama kaina da hannu biyu ya yi addu'a mai tsawo. Ita kam na gane ta duka.

Abin da ya biyo baya ba na so wa maƙiyi. Na farka da roba a hanci, roba a hannu, roba a inda ba zan rubuta ba. Cikina kamar an zuba garwashi an ɗinke. Ba ci ba sha, hanji ya yi yaji ya ƙi aiki, nas-nas suna zuwa suna tambayata ko na yi tusa, kamar masu jiran ganin wata. Zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo. Akwai ranar da na ga likita ya daɗe yana kallon injin da ke kaina bai yi murmushi ba, na fara lissafin wa zai gaya wa Indo, kuma a wace ƙasa za a binne ni cikin mutanen da ban iya gaisawa da su ba.

Da aka mayar da ni ɗakin jinya, gadon kusa da ni wani tsohon Bamisire ne da ya girme ni, aka yi masa aikin waya. An kawo shi bayana, ya tashi kafin ni. Ina kallo ya ci kaza, ya taka zuwa bayi da ƙafarsa, ya sa hula, jikokinsa suka zo suka tafi da shi. Gidansa, in ji nas, ana hango shi daga tagar asibiti. Ya tsaya ya dafa ƙafata ya yi mini fatan sauƙi. Da ina da ƙarfi da na harbe shi.

Malama ce ke jinyata, ba wani. Ita ke juya ni, ita ke goge mini baki, ita ke riƙe riga in nas za ta wanke ɗinkin. Na rufe ido in yi kamar na suma, ita ta kau da kai gwargwadon iko, amma ba a wanke ciwo da ƙeya. Mafi muni shi ne tari. An ce dole in riƙa yi don kada majina ta kwanta a huhu ta zama wani ciwon, kuma kowane tari kamar ana sake tsaga ni. Sai ta danna mini matashi a kan ɗinkin da hannu biyu, ta jira.

Ranar da tsohon nan ya tafi, da la'asar, ta zo da matashin. Na ƙi. Ta tsaya. Na nemi fanka, ɗakin ba fanka. Na nemi buta, ba buta. Sai na ji kaina ina yi mata magana, ita da kanta, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ta.

“Ke kika jawo mini wannan. Da kin yi zamanki a waje yadda 'yar mutunci ke yi, da yanzu ina gida ina shan fura. Kin tona asirin garinmu gaban Balarabe, kin sa an yanka ni kamar sa, ga shi kin tsaya a kan ubanki cikinsa a buɗe. Ke ko kunya ba ki ji?”

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta gyara matashin a kan ɗinkin, ta danna.

“Ina ji, Baffa, kamar in nutse. Aunawa na yi. Ko ni in ga cikinka yau kana zagina, ko masu wanka su gan shi kana shiru. Na ɗauki zagin. Yi tari.”